Wasiƙa Daga Gadarif: Kafin A Sayi Na'urar Faifan 4K

A wannan fitowa za mu tsaya ne a kan wata wasiƙa da ta iso mana daga nesa, daga birnin Gadarif da ke gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Ga waɗanda ba su sani ba, Gadarif ƙasa ce ta baƙin laka da manyan gonakin dawa da riɗi, inda aka fara noman tarakta tun tsakiyar shekarun 1940. Hausawa suna da yawa a can. Wasunsu jikokin mahajjata ne da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka suka yada zango, zangon ya zama gida. Wasu kuma zuriyar mutanen da suka yi hijira gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903. Har yau da Hausa ake hira a tsakar gidajensu, kuma abin da ake kallo a Kano da Maraɗi shi suke nema su kalla.

Mai wasiƙar dattijo ne, manomin riɗi. Ya ce kaka ta yi kyau daidai gwargwado, ya sayar da abin da zai sayar, ya sallami leburori da mai tarakta, ya ware iri da abincin gida, sai ɗan abin da ya rage a hannu. Ɗansa da ke aiki a Jidda ya riga ya aiko masa da babban talabijin mai inci 55 da lasifikoki, yanzu kuma yana so a haɗa kuɗi ya sayo na'urar kunna faifai irin ta 4K, domin falon Baba ya koma kamar gidan silima.

Alhaji ya ce shi gidan silima bai dame shi ba, wata jaka ce ta dame shi. A watan Disamban 2023, lokacin da yaƙi ya ci Wad Madani, ƙaninsa ya gudo Gadarif da iyalinsa. Abin da suka iya fitowa da shi bai wuce tufafi da takardun makarantar yara da wata jakar faya-fayai ba. A cikin jakar akwai karatun tafsiri, akwai tsofaffin fina-finan Kano, akwai kuma faifan bikin auren 'yarsu ta fari, inda mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta, take zaune a tsakiyar mata tana sa albarka. Ba su da wani hoto nata mai motsi, ba su da muryarta, sai a wannan faifai. Tsohuwar na'urarsu ta DVD ta daina aiki. Tambayarsa biyu ce: wace na'urar 4K ce ta fi dacewa, kuma ko za ta sa fuskar Hajiya ta fito tangaran a sabon talabijin?

Mun gode wa Alhaji, domin tambayar tasa ta shafi gidaje da yawa. Bari mu fara da bayanin abin da ake nufi da 4K ɗin kansa.

Hoton talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera sahu-sahu. Faifan VCD, wanda ya cika kasuwanninmu bayan zamanin kaset, yana ɗauke da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye. DVD yana da 720 da 576. Blu-ray, wanda ya fito a 2006, yana da 1920 da 1080. Shi kuwa faifan Ultra HD Blu-ray, wanda ake kira 4K, ya shiga kasuwa ne a 2016, yana da 3840 da 2160, wato ɗigo fiye da miliyan 8. Ya ninka DVD sau 20, ya ninka VCD fiye da sau 80. Don haka ne ma cikinsa ya fi faɗi: DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, alhali faifan 4K yakan ɗauki 66 ko 100. Bayan yawan ɗigo, akwai abin da ake kira HDR, wanda yake sa haske ya yi haske sosai, duhu ya yi duhu ba tare da abin da ke cikinsa ya ɓace ba, launi kuma ya fito da zurfinsa. A wajen masana, wannan ya fi yawan ɗigon tasiri a ido.

To, a nan amsar tambaya ta biyu take, kuma dole mu faɗe ta yadda take. Na'urar 4K ba za ta ƙara wa faifan bikin nan abin da mai ɗaukar hoto bai ɗauka ba. Abin da take yi wa tsohon faifai shi ne ta shimfiɗa ɗigonsa ta cike gurbin da kintace, kamar a ƙara wa kunu ruwa: kwano zai cika, amma gero bai ƙaru ba. Idan DVD ne, na'ura mai kyau takan ɗan gyara shi ya yi kyan gani. Idan VCD ne, babban talabijin ma tona masa asiri yake yi, fuska ta fito dishi-dishi fiye da yadda aka saba ganinta a ƙaramin akwati. Akwai ma abin da ya fi wannan: da yawa daga cikin sababbin na'urori ba sa karanta VCD sam. Littafin bayanin na'urorin 4K na kamfanin Panasonic ya jera VCD cikin faya-fayan da ba sa kunnawa. Ashe ke nan mutum yana iya kashe kuɗin riɗinsa, na'ura ta iso daga Jidda, a tara iyali a falo, a saka faifan Hajiya, ta tofo shi waje.

Saboda haka abu na farko da za a duba kafin a sayi kowace na'ura shi ne faya-fayan da ke gida, da waɗanda ake sa ran samu. Fina-finan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, sun bi ta kaset, suka koma VCD da DVD, daga nan suka tsallaka zuwa tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, da YouTube, da katin waya. Ba su bi ta faifan 4K ba. Haka karatun malamai da wa'azi. Abin da ake bugawa a faifan 4K galibinsa fina-finan Amurka ne da na Turai da Japan, sai shirye-shiryen namun daji da na halittun teku. Akwai 'yan kaɗan da gidajenmu suka sani, kamar Ar-Risala na 1976 da fim ɗin Umar Mukhtar, duka na marigayi Mustafa Akkad, waɗanda aka sabunta hotonsu aka fitar a faifan 4K a Amurka a 2022. Amma faifai ɗaya irin wannan yakan kai dala 20 zuwa 40 a inda ake sayar da shi, kafin kuɗin kawowa. Magidanci ya tambayi kansa: faifai nawa zan iya samu a shekara, ta hannun wa, kuma nawa ne daga ciki zan yarda in zauna in kalla tare da 'ya'yana mata da surukaina? In amsar ba ta wuce uku ko huɗu ba, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Abu na biyu shi ne talabijin. Ƙwarya ta bi ƙwarya. Na'urar 4K ba ta da ramin wayar nan mai kai rawaya da muka saba sakawa a tsohon akwati. Hotonta ta wayar HDMI kaɗai yake fita. Kuma domin a ga cikakken 4K, sai talabijin ɗin ya kasance na 4K ne na gaske, raminsa na HDMI yana karɓar tsarin kariya da ake kira HDCP 2.2. In ba haka ba, na'urar za ta sauke hoton zuwa matsayin Blu-ray na yau da kullum, ko ta nuna baƙin allo. Girman inci 55 kaɗai ba hujja ba ne, a duba takardar talabijin ɗin. A duba kuma irin HDR da yake karɓa. Kowane faifan 4K mai HDR yana ɗauke da HDR10, wanda shi ne tushe. Sama da shi akwai Dolby Vision da HDR10+, waɗanda suke daidaita haske fage bayan fage. Talabijin na Samsung ba sa karɓar Dolby Vision, HDR10+ suke yi. Na LG da Sony kuma Dolby Vision suke yi. Biyan kuɗin abin da talabijin ɗinka ba ya ji asara ce.

Nisan zama ma yana da nasa hukuncin. A talabijin mai inci 55, idan mutum ya wuce mita 2 da 'yan kai daga allo, ido mai lafiya ba ya iya bambance ɗigon 4K da na Blu-ray. A falonmu kuwa, inda yara suke gaba a kan tabarma, manya suna can jikin bango a kan kujera, mata suna leƙe daga bakin ƙofa, yaran ne kaɗai za su ci ribar ɗigon.

Abu na uku shi ne wuta, kuma a Gadarif shi ya kamata ya zo farko. Wutar Sudan, kamar ta Nijeriya da Nijar, tana tsakanin bolt 220 da 240 ne. Na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka ko Kanada bolt 120 take ci, in aka soka ta kai tsaye sai hayaƙi. Wasu daga cikin irin waɗannan ma ba sa kunna faifan tsarin PAL, wanda a kansa aka ɗauki bukukuwanmu. Don haka a sayo ta kasuwar Saudiyya ko Dubai ko Turai, a kuma karanta abin da aka rubuta a bayanta. Sannan tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wuta ba ta da tabbas. A watan Janairun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari a madatsar ruwa ta Marawi da kuma tashar lantarki ta Shuwak da ke cikin jihar Gadarif, garuruwa da dama suka shiga duhu. Ɗaukewar wuta ba ita ke kashe kayan lantarki ba, dawowarta da ƙarfi ita ce ajalinsu. Duk wanda zai haɗa talabijin da amfilifaya da na'urar faifai, to ya fara sayen sitabilaiza mai jinkirta wuta na 'yan mintoci, ya kuma saba wa yara cire soket da zarar an ɗauke. Ga mai sola, ita na'urar ba ta da ci, bai fi wat 15 zuwa 30 ba. Talabijin da amfilifaya su ne masu shanye batir.

Abu na huɗu shi ne kullen yanki. Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya, faifan wata shiyya ba ya buɗewa a na'urar wata. Shi faifan 4K ba shi da wannan kulle, a ko'ina aka saye shi zai yi. Amma Blu-ray yana da shiyya uku: A ita ce Amurka da Japan, B ita ce Turai da Afirka da ƙasashen Larabawa, C kuma Indiya da Sin da Rasha. A DVD, Sudan da Nijeriya da Nijar da Indiya suna shiyya ta 5, alhali Saudiyya da Masar da Turai suna ta 2. Ma'ana, na'urar Jidda tana iya ƙin DVD na asali da aka buga don Indiya. Faya-fayan biki da na wa'azi da aka buga a shago galibi ba su da kulle, sai dai wanda mai bugawa bai rufe aikinsa a kwamfuta ba, shi ma yakan gagara.

Abu na biyar shi ne sauti, tun da an ce akwai lasifikoki. Abin da ke mayar da falo gidan silima rabinsa a kunne yake. Faifan 4K yakan zo da sauti irin Dolby Atmos ko DTS:X, amma na'urar miƙawa kawai take yi, amfilifaya ce ke rarraba shi ga lasifikoki. Idan amfilifayar tsohuwa ce da ba ta iya wuce da hoton 4K, sai a nemi na'ura mai ramin HDMI biyu: ɗaya ya kai hoto talabijin, ɗaya ya kai sauti amfilifaya. Wayar HDMI kuwa, wadda aka tabbatar tana ɗaukar gigabit 18 ta wadatar, kada mai shago ya ruɗe ka da mai kan zinariya. A tuna kuma da haƙƙin maƙwabta. Gida mai cike da baƙi 'yan gudun hijira, waɗanda kunnensu bai manta ƙarar harsashi ba, ba wurin sakin rugugin fim ɗin yaƙi ba ne da tsakar dare.

Wane kamfani ne ya rage a fagen? Kasuwar ta tsuke ƙwarai. Oppo ya daina ƙera na'urorin faifai a 2018, Samsung ya daina fitar da sababbi a 2019, LG ma ya janye a ƙarshen 2024. Zuwa 2025, manyan da suka rage wa talaka su ne Panasonic da Sony. Sony UBP-X700 ƙarama ce, mai sauƙin kuɗi, tana da ramin HDMI biyu, tana yin Dolby Vision, sai dai da hannu ake kunna shi a kashe shi gwargwadon faifai. Panasonic DP-UB450 tana yin Dolby Vision da HDR10+ duka. Panasonic DP-UB820 ta fi su tsada, ta kuma fi su iya daidaita haske ga talabijin mai matsakaicin ƙarfi da gyara hoton DVD. Farashin waɗannan a Turai da Amurka yana kamawa daga wajen dala 200 zuwa 500 ko fiye. Na'urorin wasan yara, PlayStation 5 mai ramin faifai da Xbox Series X, su ma suna kunna faifan 4K, amma sun fi cin wuta, kuma PlayStation 5 ba ta karanta CD ko VCD. Janyewar kamfanoni tana da ma'ana ga mutumin Gadarif: ranar da idon na'urar ya mutu, samun madadinsa da mai gyaransa zai yi wuya. Ƙura da zafi kuwa su ne abokan gabar wannan ido. A ajiye na'urar inda iska ke ratsawa, kada a ɗora ta a kan amfilifaya, a rufe ta da ƙyalle bayan ta huce. Faifan 4K rubutunsa a matse yake ainun, shatin yatsa kaɗai yana sa shi tsayawa.

Kada a ɗauka muna kushe faifai ne. Yana da wata daraja da mutanen Sudan suka fi kowa sani. A watan Fabrairun 2024 layukan waya da intanet sun ɗauke a kusan duk faɗin ƙasar, duk abin da mutum ya dogara da shi a YouTube ya zama babu. Kallon 4K ta intanet kuma yana iya cin gigabait 7 a awa ɗaya, kuma duk da haka bai kai hoton faifai kyau ba. Abin da ke cikin akwatinka naka ne, ba ya jiran layi, ba ya jiran kuɗin wata, ba ya kawo wa yara tallan da ba ka zaɓa ba. Uba yana iya kallon faifai shi kaɗai tukuna, ya san abin da ke ciki kafin ya tara iyali. Wannan riba ce babba, amma DVD da Blu-ray da filash duk suna ba da ita a kan kuɗi kaɗan.

Ga shawararmu ga Alhaji, bi da bi. Kafin a sayi komai, a ɗauki faifan Hajiya a kai wurin mai kwamfuta amintacce, a tsaya a kansa ya kwafe shi. Faifan da aka buga a shago ba kamar na kamfani ba ne, rubutunsa a jikin wani rini yake, zafi da rana suna cinye shi a hankali, wata rana sai a wayi gari ya ƙi buɗewa ko da babu ƙarzuwa a jikinsa. A riƙe shi ta gefe, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a goge shi a kewaye. A yi kwafi uku: ɗaya a filash, ɗaya a katin waya, ɗaya a aika Jidda. Wanda ya taɓa barin gidansa da jaka ɗaya ya san dalilin da ya sa ba a tara ajiya a wuri guda. A roƙi mai kwamfutar ya juya kwafi ɗaya zuwa MP4, domin a soka filash a jikin sabon talabijin a kalla ba tare da wata na'ura ba.

Bayan wannan, a sayi sitabilaiza. Sannan a sayi ƙaramar na'urar DVD mai ramin HDMI wadda ke karanta VCD, a je shago da faya-fayai biyu ko uku daga cikin jakar a gwada a gaban mai kaya, kada a yi cinikin biri a sama. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ta 4K ba, kuma ita ce za ta buɗe tafsirin da tsofaffin fina-finan. In an yi wannan duka, kuɗi ya ragu, an tabbatar talabijin na 4K ne, kuma akwai mai kawo faifai a kai a kai, to babu laifi a sayo ɗaya daga cikin ukun da muka ambata, wadda ta dace da irin HDR na talabijin ɗin. In kuwa kuɗin bai ragu ba, ba a rasa komai ba. Damina na tafe, akwai iri, akwai man tarakta, akwai baƙi a gida da ba a san ranar komawarsu ba.

Kai kuma ɗanmu na Jidda, Allah ya yi maka albarka, niyyarka mai kyau ce. Amma ka sake karanta abin da Baba yake nema. Ka aiko da filash biyu masu kyau da sitabilaiza, ka kuma adana kwafin da za a turo maka, ka nuna wa 'ya'yanka kakar mahaifinsu. Alhaji, fuskar Hajiya ba za ta fi yadda aka ɗauke ta fitowa ba, amma muryarta tana nan yadda take, kuma jikokinta za su gane ta. A zauna nesa kaɗan da allon, hoton zai fi haɗuwa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Masu tambaya a kan kayan gida su ci gaba da aiko mana da wasiƙunsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.